Makyarkyatar Sitiyari a Motar Daji da Aka Ɗaga

Ya mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu dattawan kanikawa, malamai, direbobi, da ku ɗalibai da kuka cika bayan zauren nan: bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya tara mu lafiya, da salati ga fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina neman afuwa tun da fari a wurin waɗanda suka riƙe sifana tun ban san dama da hagu ba, domin galibin abin da zan faɗa daga bakinsu na tsinto shi, iyakacin nawa in jera shi bisa tartibi.

Mas'alar da aka ɗora mini ita ce wata cuta da ke kama gaban motar daji, musamman wadda mai ita ya ɗaga ta fiye da yadda maƙeranta suka bar ta, ya kuma sa mata manyan tayoyi. Ga siffarta, domin wanda bai taɓa gamuwa da ita ba. Mutum yana tafe a kan kwalta, gudunsa bai wuce kilomita 70 ko 80 a awa ba, hankalinsa kwance, sai tayar gaba ɗaya ta taka ɗan rami, ko bakin gada inda kwalta ta haɗu da kankare. Kafin ya ƙifta ido sitiyari ya shiga fizga dama da hagu kamar zai ƙwace daga hannunsa, gaban motar duka yana kaɗawa, kayan da ke ciki suna zubowa, kuma ramin da ya tayar da fitinar an riga an baro shi can baya, amma fitinar ba ta lafa ba, ba kuwa za ta lafa ba sai ya rage gudu ƙwarai, wani lokaci ma sai ya tsaya cik. Amurkawa, waɗanda suka fi kowa son ɗaga mota, sun ba ta suna mai ban tsoro, wanda ma'anarsa girgizar mutuwa. Ni zan kira ta makyarkyata, don ta fi kama da ta mai masassara, wanda ba ya iya tsayar da jikinsa komai ƙoƙarinsa.

Bari in fara sauke wani nauyi, domin rai ya gabaci dukiya. Direban da abin ya same shi a hanya kada ya danna birki da ƙarfi, kada kuma ya ƙara wuta yana zaton zai tsere mata. Ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ba tare da kokawa da shi ba, manyan yatsunsa a waje don kada sandunan sitiyarin su buge su, ya taɓa birki sannu a hankali, ya gangara gefe. In ta lafa, sai ya lallaɓa zuwa gareji, domin kowane tashi da ta yi tana ƙara cinye mahaɗan ƙarafan, na biyu ya fi na farko sauƙin zuwa, na uku ya fi na biyu.

Cutar nan ba baƙuwa ba ce ga masana. Cikin shekarun 1920, sa'ad da aka fara sa wa motoci tayoyi masu faɗi marasa iska da yawa, aka kuma ɗora birki a ƙafafun gaba ya ƙara musu nauyi, makyarkyata ta addabi motocin Turai da Amurka, har aka laƙaba mata sunan wata rawar girgiza kafaɗu da ake yayi a zamanin, wai ita shimi, kuma ina roƙon kada hankalin kowa ya tafi ga shimin mata. Wani injiniya Bafaranshe, Georges Broulhiet, ya yi rubutu a kanta a 1925. Wani Bature ɗan Ingila, Maurice Olley, wanda ya baro Rolls-Royce ya koma kamfanin General Motors, yana cikin waɗanda suka nuna cewa maganinta a ƙananan motoci shi ne a raba ƙafafun gaba, kowace ta yi motsinta ita kaɗai, kuma a 1934 kamfanin ya fito da motoci masu wannan tsari. Duk da haka mas'alar ba ta ƙare ba, domin har a 1966 Hans Pacejka ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kanta a jami'ar Delft ta ƙasar Holan.

Motocin daji kuwa da yawansu ba su bi wannan hanya ba, sun riƙe tsohon tsari na aksul guda mai haɗe ƙafafu biyu, saboda ƙarfinsa, da jurewarsa ga duwatsu da kaya, da sauƙin gyaransa inda babu gari. Haka Jeep Wrangler take, da Land Cruiser samfurin 70 da 80 da 105, da tsohuwar Land Rover Defender, da tsohuwar Nissan Patrol, da Suzuki Jimny, da manyan a-kori-kura na Ford. A Amurka kukan ya kai har majalisa, inda a 2012 wakilai biyu daga jihar Kalifoniya, Anna Eshoo da Henry Waxman, suka rubuta wa hukumar kula da lafiyar motoci a kan ƙorafin masu Jeep. A 2019 kuma kamfanin da ke ƙera Jeep ya ba masu sabuwar Wrangler ta lokacin sabon shokozobar sitiyari kyauta. Rabonmu a cikin zancen shi ne Land Cruiser, wadda ke ɗaukar mutane da kaya daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, take kuma yawo a dazuzzukanmu. Mai sabuwar Hilux ko Prado, wadda ƙafafunta na gaba a rabe suke, da wuya ya gamu da wannan cuta a siffar da na bayyana.

To, mu leƙa ƙarƙashi. Aksul ɗin nan ba a manne yake da shasi ba, rataye yake. A motar da ke da sifirin mai murɗi, irin wanda Wrangler ta koma kansa tun samfurin 1997, Land Cruiser 78 da 79 kuma tun 1999, sifirin ba ya riƙe komai sai nauyi. Hannuwan ƙarfe ne ke hana aksul zuwa gaba ko baya, sanda ɗaya tak kuwa ke hana shi zamewa dama ko hagu, wadda kanta ɗaya yana jikin shasi, ɗayan yana jikin aksul. Sunanta sandar Panhard, sunan kamfanin Faransa da ya ƙago ta, amma zan riƙa ce mata sandar gicciye. Kusa da ita akwai sandar ja, wadda ke ɗauko umarni daga akwatin sitiyari ta kai ga ƙafa ɗaya, sai tayirod ya isar da shi ga ɗaya ƙafar. Ku lura da abu ɗaya, domin shi ne mabuɗin laccar nan: akwatin sitiyari yana jikin shasi, ƙafafu suna jikin aksul. Saboda haka in aksul ya zame gefe da ko kaurin ƙwayar gero alhali sitiyari yana tsaye, sandar ja za ta juya ƙafafun da kanta, ba da izinin direba ba.

Sauran sirrin yana cikin tayar keke, kuma kowa yana iya jarrabawa a gida. Ka cire tayar, ka riƙe ƙarfen tsakiyarta da hannu biyu, wani ya juya ta da ƙarfi, sa'an nan ka yi ƙoƙarin karkata ta, ka ɗaga hannu ɗaya ka sauke ɗaya; za ka ji ta ƙi bin ka, ta murɗe zuwa gefe kamar mai rai. Ɗabi'a ce da Allah Ya sanya wa duk abu mai nauyi da ke juyawa, ita ce ke tsayar da katantanwar yara da mazarin mai kaɗi. To, sa'ad da taya ɗaya ta hau rami, aksul duka ya karkata, tun da guda ne. Karkatarsa ta sa tayoyin biyu su murɗe gefe. Murɗewarsu ta sa robar da ke taɓa ƙasa ta ture gaban motar gefe, ta kuma sake karkata aksul ta ɗaya wajen. Robar taya da bushin da sandunan ƙarfe, waɗanda dukkansu suna lanƙwasa su dawo, su maido da ƙafafun da ƙarfi har su wuce tsakiya. Sai zagayen ya sake daga farko. Abincin wannan zagaye shi ne gudun motar kanta, shi ya sa rage gudu ke kashe shi.

Akwai kuma ɗan lissafi. Taya mai tsawon inci 33 kewayenta kamar mita 2.6 ne, motar da ke gudun kilomita 80 a awa kuwa tana cin mita 22 a sakan ɗaya, ke nan tayar tana zagayowa sau 8 da 'yan kai a kowane sakan. Adadin kaɗawar da gaban irin waɗannan motoci yake karɓa da ɗabi'arsa yana nan kusa da wannan. In tayar tana da nauyi a gefe ɗaya, to a daidai wannan gudu ta zama kamar mai tura lilo, wanda ba ya bukatar ƙarfi, in dai yana turawa a kan lokaci.

A nan nake so in ari ma'auni daga malaman usulu, waɗanda suka rarrabe tsakanin sababi da sharaɗi da mani'i. Misalin da suka saba bayarwa shi ne zakkar kuɗi: cikar nisabi sababi ne, zagayowar shekara sharaɗi ne, bashi kuwa mani'i ne, yana hana hukuncin sauka alhali sababinsa yana nan daram. Haka makyarkyata take. Sababinta shi ne wasa, wato sakin da ke cikin mahaɗai. Sharaɗinta gudu da ramin da zai tayar da ita. Mani'inta kuwa duk abin da ke shanye motsi, tun daga tsaurin boris har zuwa shokozobar sitiyari. Kuma wasan nan, kamar dukiya, taruwa yake yi har ya kai nisabi: rabin milimita a sandar gicciye, rabin milimita a kan tayirod, ɗan laushi a bushin, kowanne shi kaɗai bai isa komai ba, kowane bakanike zai duba shi ya ce da sauransa, amma jimlarsu ta isa. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne babba a shiga ƙarƙashin motar ana neman ɓarawo ɗaya, a kama na farko da aka gani a rufe shari'a. Sau da yawa ƙungiya ce.

Ɗaga mota kuwa, aikinsa shi ne ya rage nisabin, har wasan da jiya ba ya cutarwa ya zama yau ya isa. Ɗauki sandar gicciye mai tsawon santimita 80, a matsayin misali, wadda kanta na aksul ya fi na shasi ƙasa da santimita 10. In aka ɗaga motar da wasu santimita 10, lissafin kusurwa ya nuna aksul zai jawu gefe da kusan santimita 2, kuma daga ranar duk hawa da saukar da gaban motar ya yi sai ya riƙa jan aksul dama da hagu fiye da da. In kuma aka gyara kusurwar sandar ja aka bar ta gicciye, ko aka gyara ta gicciye aka bar ta ja, har suka daina tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowane tudu zai zama mai juya sitiyari.

Sai kasta, wadda ta fi ɓuya ga ido. Ku dubi ƙahon keke, za ku ga bai tsaya a miƙe ba, samansa ya jingina baya wajen mahayi. Wannan jinginar ce ke sa tayar ta koma tsakiya da kanta, har yaro ya saki hannu yana tafiya. Ƙafar mota ma tana juyawa ne a kan layi mai irin wannan jingina, sai dai kaɗan ce, digiri 3 ko 4 a galibin motocin da muke zance. To, a motar da aksul ɗinta yake ɗaure da dogon hannu ɗaya a kowane gefe, irin Land Cruiser 80 da Patrol da Defender, in hannun ya kai santimita 90 aka ɗaga motar da santimita 5 kacal, aksul zai mirgina gaba da kusan digiri 3. Ke nan jinginar ta kusa ƙarewa ƙaf, mota ta shiga yawo a hanya, sitiyari ya daina dawowa bayan kwana. A motar mai sifirin falle-falle kuma, wadda shakul ɗinta yake ta gaba, tsawaita shakul yana yin irin wannan ɓarna.

Ƙara a kan haka nauyin manyan tayoyi, da wilin da aka turo waje don ado, waɗanda suke ba rami dogon hannu na murɗa ƙafa. Ƙara kuma hannun da ya yi aikin. Na sha ganin an ɗaure kusoshin bushin tamau alhali motar tana rataye a kan jak, sa'an nan a sauke ta, robar ta murɗe tun ba a tashi injin ba, cikin 'yan watanni ta yage. Ƙa'ida ita ce a sa kusoshin sako-sako, a sauke motar a kan ƙafafunta, a girgiza ta ta zauna, sa'an nan a ɗaure.

Yanzu bincike. Farkonsa tambaya ce, kamar yadda likita ke yi, domin ba kowace rawar sitiyari ce makyarkyata ba, kuma direba in ya tsorata duk sunansu ɗaya a bakinsa. Rawar da ke zuwa sannu a wani gudu sananne, a kan hanya mai laushi, ta ragu in an wuce shi, wannan ta taya ce ko wili. Wadda ba ta zuwa sai an taka birki, a nemi faifan birki. Fizga ɗaya a kan tudu, wadda ba ta maimaita kanta, kusurwar sanduna ce. Gurnanin da ake ji a ƙarƙashin kujera, yana ƙaruwa da gudu, farfela ce. Makyarkyata ita ce wadda rami ke tayarwa, ta ci gaba bayan ramin, ta ƙi tafiya sai an rage gudu. Sa'an nan a tambayi mai motar abin da aka taɓa a ƙarshe kafin ta fara, a kuma yi haƙuri da amsarsa, domin ɗan Adam ba ya son ambaton aikin da ya biya da arha.

Jarrabawa ta farko ba ta bukatar jak, kuma wanda ya fara da jak ya ɓata ta, domin wasa ba ya bayyana sai ƙafafu suna ɗauke da nauyi suna gardama da ƙasa. A ajiye motar a kan daɓe mai tauri, a ja birkin hannu, a sa duwatsu a tayoyin baya. Yaro ya zauna a sitiyari ya riƙa kaɗa shi dama da hagu, gajere gajere, da sauri, ba tsayawa, kamar mai tankaɗe. Maigida ya kwanta a gaba da fitila, ya bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, yana kallo yana kuma ɗora tafin hannu a kan kowace, yana kiyaye yatsunsa daga inda ƙarfe zai matse su, domin hannu yana jin ƙwas ɗin da ido ba ya gani. Abin da ake nema shi ne inda ƙarfe ɗaya ya motsa kafin abokinsa ya bi shi. A fara da kan sandar gicciye biyu, a dubi kan kusa ko yana rawa a cikin gidansa, a dubi gidan kansa ko waldarsa ta tsage. Daga nan sandar ja, da kawunan tayirod, waɗanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira rotil, da hannun akwatin sitiyari, da kusoshin da suka ɗaure akwatin a shasi, da shasin kansa a kewayen wurin, inda tsaga takan ɓuya ƙarƙashin laka da mai. Jan ƙura mai kama da garin tsatsa a bakin wata mahaɗa shaida ce, ƙarfe biyu ne suke cin juna.

Zan daɗe kaɗan a kan sandar gicciye, don na ga abin da ta yi wa wani aminina. Land Cruiser ce ya ɗaga saboda yashi da kaya, ba a yi wata uku ba ta fara. Garejin da ya fara zuwa suka ce shokozobar sitiyari ce, aka sa sabuwa, aka samu lafiya ta mako biyar. Ta dawo, aka ce ta jabu ce, aka sa wata. Aka yi balansin taya har sau uku. Sa'ad da abin ya ishe shi muka kai ta wurin wani dattijo, wanda bai taɓa akwatin sifanarsa ba sai da ya sa aka kaɗa sitiyari kamar yadda na faɗa, kuma almajirinsa ne, yaro ɗan shekara goma sha biyar, ya ce, "Baba, kan kusar nan yana numfashi." Aka kwance, sai ga ramin da kusar ke shiga, wanda ya kamata ya zama da'ira, ya koma siffar ƙwai. Kusar ba ta kwance ba, da ka sa mata sifana za ka rantse a ɗaure take, amma ba ta matse ba yadda ya kamata, kuma a irin wannan mahaɗa matsi ne ke riƙo, jikin kusar ba shi ne madogara ba. Dattijon ya yi wa ramin walda da wasa mai kauri, ya dawo da shi da'ira, amma bai sallame mu ba, ya ce a ɗaga motar tukuna, a nan kuwa aka sami wasa na biyu a boris ɗin ƙafar dama. Saboda irin wannan ne kamfanoni ke rubuta adadin matsi: a Wrangler samfurin 2007 zuwa 2018 kusar sandar gicciye tana son Niyuton-mita 169, abin da ba a cim masa da ƙiyasin damtse, sai da sifana mai awo.

Jarrabawa ta biyu ita ce ta jak. A ɗaga aksul, a tokare shi da abin da ba zai zame ba, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In an ji wasa, yaro ya taka birki a sake girgizawa: in wasan ya ɓace, boris ɗin wili ne, in yana nan, to yana wurin da ƙafar ke juyawa. A Jeep boljoyin ne, kuma ana tabbatar da shi da dogon ƙarfe a ƙarƙashin taya, a ɗaga a saki ana kallo. A Land Cruiser kuwa boris biyu ne, sama da ƙasa, waɗanda ake matse su da siraran faranti har su yi ɗan tauri, kuma taurin nan da gangan aka sa shi, yana cikin mani'an da na ambata. A cire kan tayirod, a juya ƙafar da hannu: in ta tafi sakaka kamar ƙofar da ba ta da mari, matsin ya tafi, in ta yi tsalle-tsalle tana maƙalewa a tsakiya, boris ya ci gurbi. Littafin kamfani ya faɗi kilo nawa ya kamata sikelin rataya ya nuna in an ja ta da shi, irin sikelin masu sayar da kifi. A duba kuma notunan da suka riƙe hannun sitiyari a jikin ƙafar, domin in suka saki har suka karye, ba makyarkyata ake zance ba kuma, sai dai Allah Ya kiyaye.

Mai sifirin falle-falle ya dubi yubol da bushin shakul da kusar tsakiyar sifirin, domin su ne ke yi masa aikin sandar gicciye. Taya kuwa a juya ta a sama ana kallon ta da wilinta ko suna layi, a ƙwaƙule busasshiyar lakar da ta maƙale a cikin wili, a shafa ta da hannu ko akwai ƙullutu inda wayoyinta suka rabu, a auna iska. Hanya mafi arha ita ce a maida tayoyin baya gaba a gwada.

Alaimen shi ne na ƙarshe, domin auna motar da mahaɗanta ke wasa kamar auna hatsi ne da mudu mai huda. Gaban tayoyin ya fi bayansu kusa da juna da 'yan milimita kaɗan, gwargwadon littafin motar. Kasta a dawo da ita da hannuwa masu daidaituwa, ko bushin mai karkataccen rami, ko faranti, ko ɗan ƙarfe mai siffar weji a ƙarƙashin sifirin. Sai dai a yi hattara da masu cewa a ƙara ta iyakar iyawa, domin mirgina aksul baya yana karya kusurwar farfelar gaba ta shiga gurnani, kuma kasta in ta yi yawa ita ma tana iya kiran rawar da ake gudu.

Shokozobar sitiyari ba na ƙin ta, maƙera ba su sa ta don wasa ba, kuma wadda ta zubar da mai ko ta lanƙwashe wajibi ne a canja ta. Abin da nake ƙi shi ne a fara da ita. Mani'i ce, tana danne hukunci, sababi yana ƙarƙashi yana girma. Ramin da ya zama ƙwai yana ƙara faɗi ko direba ya ji ko bai ji ba, ranar da ya fi ƙarfinta kuwa zai dawo da abin da ya fi na da muni. Mai sa guda biyu a jere, a ganina, ya sayi bargo ne ya lulluɓe mai masassara. Har wasu ƙwararru sukan cire ta ɗungum su gwada motar bayan gyara, a wurin da babu jama'a, don su ji gaskiyarta, sa'an nan su mayar.

In an gama, a canja abu ɗaya ɗaya inda hali ya yi, a rubuta abin da aka canja, a koma kan ramin nan da ya saba tayar da ita, a taka shi da ƙaramin gudu, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, hanya babu kowa, mota babu fasinja. Kowace kusa da aka ɗaure a ja mata layin fenti daga kanta zuwa jikin ƙarfen da take ciki, don in ta motsa layin ya karye a gani da ido. Bayan tafiyar 'yan kwanaki, musamman in an bi gargada, a dawo a sake sa sifana mai awo.

Shugaba ya sanar da ni cewa an ajiye mana wata Land Cruiser a bakin zaure, mai ita ya ce ta yi masa sau biyu a makon jiya, kuma ya yarda a kwanta ƙarƙashinta. Ina roƙon ɗalibi ɗaya ya shiga ya kama sitiyari, wani ya kawo fitila da tabarma, dattawa kuma su matso gaba, tambayoyi mu yi su a can.